Shekara Ukun Harisu

Ku da kuke kawo mini kekunanku, ku tsaya a kaina kuna cewa ai juya sifana ne kawai, ku sami wuri ku zauna. Jiya ɗayanku ya shigo da kofi a hannu. Ya ce ya ci tseren yara sau uku a jere, in dube shi in faɗa masa ko zai ci abinci da keke idan ya girma. Na ci gaba da aikina. Ya fita yana cewa tsohon ya fara kurumta. Kunnena lafiya lau. An taɓa yi mini tambayar nan, na amsa, na kuma ga abin da amsar ta jawo. Zan faɗa muku. Amma sai kun fara jin aikin, don wanda bai san aikin ba ba zai ga inda na yi ɓarna ba.

Sunana Isa, a unguwa Usta Isa, usta kuwa gwanin sana'a ke nan. Ubana daga ƙasar Damagaram ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga, ya tsallako teku, ya yi hajji, ya zauna a Madina har aka binne shi. A nan aka haife ni. Ban shiga makaranta ba. Da na isa aike aka kai ni wurin Mu'allim Salim, wani tsoho ɗan Yaman mai gyaran keke. Wata shida ba abin da na taɓa sai kwanon kananzir da 'ya'yan boris. In wanke, in shanya, in ƙirga. Idan ɗaya ta ɓata, sai na nemo ta cikin ƙasa kafin in ci abinci.

Aikin gaske na farko, ƙafar keken wani mai tallan burodi ce, ta karkace kamar faifan da aka zauna a kai. Ba mu da na'urar gwaji. Kifa keken ake yi, a riƙe alli dab da garen, ƙarfen da taya ke zama a kai, a juya. Inda allin ya taɓa, nan ne ya fito. Sai ka sassauta wayar wannan gefe, ka ɗaure ta wancan, rubu'in juyi, ba fiye ba. Ni kuwa na ɗaure su tamau, na gama kafin azahar, na kai masa. Ya matsa wayoyin da yatsa. Ya ɗauki 'yar sifana ya kwance su duka, ɗaya bayan ɗaya, ya zube su a gabana.

Ya ce, "Ƙarfi ka sa. Wa ya tambaye ka ƙarfi? Sake."

Kwana uku na yi a kan ƙafar nan, mai burodi yana zuwa yana zagina da safe da yamma.

Da Mu'allim Salim ya koma ƙasarsu, na buɗe shagona a kan hanyar Ƙiblatain. Kayana duka a akwati ɗaya suke: sifana, filaya, guduma, magagari, famfo, gwangwanin sholisho, da tsohon tif da nake yanka faci. Masu zuwa wurina talakawa ne. Masu kawo barsim, ciyawar dabbobi, daga lambunan Awali. Masu burodi. 'Yan Nijar da 'yan Najeriya masu iƙama, takardar izinin zama, da ke aikin gini, waɗanda ke sayo mataccen keke a haraj, kasuwar gwanjo, su kawo su ce in tayar da shi kafin la'asar. Lokacin hajji ba mai gyara, kowa yana neman abinci. Alhazai na tafiya sai a tara mini kekuna kamar gawarwaki. Haka na yi shekaru. Sai kuɗin fetur ya shigo gari, aka zuba kwalta ko'ina, wanda jiya yake kawo mini faci yau ya wuce ni a mota yana ɗaga hannu. Keke ya koma na yara da na wanda ba shi da yadda zai yi.

A wannan lokacin ne wani Bamisre ya shigo shagon da keke a kafaɗa. Kaftin ake ce masa. Shi ne mai horar da 'yan tseren keke a wani nadi, wato ƙungiyar wasanni ta garin nan. Na ɗaga keken da yatsa biyu. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tayarsa siririya ce kamar babban yatsa, tif ɗin yana ciki an ɗinke shi, sannan an manne tayar a jikin gare da gam. Idan ƙaya ta huda, sai ka ɓamɓare, ka nemo ramin, ka farke ɗinkin, ka yi faci, ka ɗinke da zare mai kaki, ka sake mannewa, ka bar shi yini guda. Na lalata masa taya biyu kafin in iya. Yana ihu, ina ɗinki. Abin da shi ma bai sani ba, ni na gano masa: zafin Madina yana narkar da gam ɗin. Keken da ya yini a rana, in ka sha kwana da gudu, tayar sai ta zame ta bar ka a kan ƙarfe. Na fara rufa ƙafafun da jiƙaƙƙen buhu kafin a tashi. Daga nan na zama makanikin nadi. Ranar tsere ina bayan a-kori-kura da ƙafafun canji a cinyata.

Wata rana aka kawo mini feda da ta karye a gindinta. Ba lanƙwasa ba, karyewa. Keken baƙi ne, tsoho, mai nauyi, an ɗaura masa barsim har ya fi mai shi tsawo. Mai shi Harisu ne, ɗan Malam Tanimu da ke aiki a wani lambun dabino a Awali. Uban Malam Tanimu da ubana jirgi ɗaya suka tsallako. Kaftin yana zaune a shagon yana shan shayi. Ya dubi fedar, ya dubi cinyoyin yaron.

"Shekararka nawa, ya walad?"

"Sha biyar."

"Akwai takarda?"

"Akwai."

Ban ɗaga kai daga fedar ba. Na ci naman sunan Harisu a shekarar da na buɗe shago, kuma shagon yana da shekara sha takwas.

Ku da aka haifa a asibiti ba ku san wannan ba. A zamaninmu a gida ake haihuwa, ba a rubuta komai. Idan ana son takarda sai a kai yaro wurin likita ya ƙiyasta shekarunsa, shi ake ce wa tasnin. Ya duba haƙora, ya duba tsawo, ya rubuta abin da ya gani. Harisu ya yi doguwar jinya yana ƙarami, bai yi girma ba. Yana da goma aka kai shi. Makaranta ba za ta ɗauki ɗan shekara goma a ajin farko ba, sai Malam Tanimu ya ce bakwai, likita ya dubi siraran hannuwan ya rubuta bakwai. Don karatu aka yi, ba don wani abu ba. Ba a gaya wa yaron ba, kada bakinsa ya kuɓuce a gaban ma'aikata. Da ya miƙe ya wuce sa'o'insa na aji, sai aka ce ya biyo kakansa. Manyan unguwa sun sani. Amma a unguwarmu ba a maganar takardar mutum, ko a gabansa ko a bayansa, domin kowane gida akwai abin da bai so a tona. Magana ɗaya ta isa ta kai iyali duka ofis.

Kekunan nadi sun yi masa kaɗan, sai na haɗa masa nasa. Na sami gangar jikin wani keken tsere a haraj, na ƙanƙare tsatsar, na saƙa ƙafafun da hannuna, waya talatin da shida kowace. Ban taɓa saƙa ƙafa mai kyansu ba.

Tseren yara a kan tsohuwar hanyar Badr ake yi, bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika ta. A je wani wuri a juyo. Ranar farko ana busa usur Harisu ya taka ya tafi. Shi ke nan. Ya iso shi kaɗai, ya sauka, ya sha ruwa, ya wanke fuska, sannan na biyu ya ɓullo. Haka aka yi a na gaba, da na gaba da shi. Shekara uku ba wanda ya ga gabansa. Aka buga hotonsa a jarida. Waɗanda ke kiranmu Takruni, baƙaƙen Afirka, a kasuwa suna yatsina, su ne ke tsayar da shi suna cewa ya batal, wato gwarzo. Mata suka yi guɗa a unguwa. Shagona ya cika da uwaye masu son a haɗa wa 'ya'yansu irin na Harisu.

To, makaniki yana karanta mahayi a jikin kekensa. Duk wata nake kwance na Harisu. Sarƙa ta miƙe. Ƙaramin faifan baya, na giya mai nauyi, haƙoransa sun cinye kamar na tsohuwa, manyan kuwa ko tabon mai babu. Robar birki sabuwa fil, shekara guda ban canja ta ba. Akwai wani yaro, Abdu, ɗan wani tela, da ake ce wa Tsinke saboda rama. Shi sha biyar ɗinsa ta gaskiya ce. Na bakwai yake zuwa, na goma, wata rana ya yi amai a bakin hanya. Kekensa kuwa kowane faifai ya ci daidai, robar birki duk wata biyu sai na canja, ƙyallen hannun keken ya goge ta gefe saboda gogayya da wasu.

Ga abin da wannan ke nufi. Abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ke gaba shi ke sara ta, wanda ke manne a bayansa yana hutawa. Shi ya sa ake gudu a dunƙule, taya kusa da taya, tazarar tafin hannu, kafaɗa tana taɓa kafaɗa, ana karɓa-karɓa. Ba a koyon wannan da baki. Sai ka yi shekaru a ciki, ka faɗi, ka tashi, hannunka ya san yadda ake shafar birki ba tare da an damƙe ba. Tsinke ya koya don ba shi da ƙarfin da zai yi wani abu dabam. Harisu bai taɓa shan kwana a cikin mutane ba. Bai san bayan kowa ba.

Da yamma sukan taru a shagon. Da Larabci suke surutunsu kamar ku, ni ke mayar muku da shi Hausa.

Harisu ya ce, "Tsinke, yau ma ka tsaya sayen dabino a hanya?"

Tsinke ya ce, "Ai dole wani ya tsaya ya kwashe gawarwakin da ka bari, ya batal."

"Ka ci abinci mana. Iska za ta kai ka Yanbu wata rana."

"In ta kai ni, na riga ka ganin teku."

Aka yi dariya. Na ce, "Harisu, ran Juma'a ka zauna a cikinsu har a juyo. Sannan ka tafi."

Ammi yake ce mini, wato baffa. "Don me, ya ammi? Tafiyar masu rakiyar gawa suke yi."

Na kai wa Kaftin robar birkin, na ajiye a gabansa. Na ce yaron nan bai iya gudu cikin mutane ba. Ya juya ta a hannu, ya yi dariya.

"Ya usta, wanda ke gaba me zai yi da birki? Kai ka ɗinka taya, ni in horar."

Na koma na ɗinka taya.

Da takarda ta ce Harisu ya cika sha takwas, ya fita daga sahun yara. A satin ne Malam Tanimu ya zo shagona bayan la'asar, ƙafafunsa da taɓon lambu, da takarda biyu a aljihu. Bai iya karatu ba, ni ma haka. Kaftin yana nan, shi ya karanta. Ta farko daga ma'ahad ce, makarantar koyon sana'a ta gwamnati. An ba Harisu gurbin koyon aikin lantarki, ya zo farkon wata ko a ba wani. Ta biyu daga wani babban nadi a Jidda. Za su ɗauke shi cikin manyan mahaya, da ɗaki da abinci da alawus.

Kaftin ya ce, "Ya hajji, wannan ma tambaya ce? Masu haɗa waya sun cika gari. Harisu ɗaya ne."

Malam Tanimu bai dube shi ba. Ya juyo gare ni, ya yi Hausa.

"Isa, ni dabino na sani. Ban san keke ba. Yaron ya ƙi cin abinci, ya ce Jidda ko mutuwa. Uwarsa ta ce lantarki. Kai ɗan'uwana ne, kai ke taɓa ƙarfen nan. Zai ci abinci da shi?"

Malam Tanimu ya san shekarun ɗansa, amma bai san suna da wani amfani a tsere ba. A wurinsa mai ƙarfi mai ƙarfi ne. Kaftin ya san tsere, bai san shekarun ba. Duk garin Madina ni kaɗai na san duka biyun. Na san ƙato ɗan ashirin ne ke ta kayar da yaran da gemunsu bai fito ba. Kaftin ba ya jin Hausa, amma yana kallon bakina, kuma akwai mutum biyu a kan benci suna jiran faci, su suna ji.

Na ce, "Ba a taɓa ganin irinsa ba, Yaya."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Zai ci, in Allah ya so."

Ya ninke takardar ma'ahad ya mayar aljihu. Ya ba Kaftin ɗayar.

Kada ku ce mutanen da ke kan benci ne suka hana ni. Lambun da yake aiki rabin sa'a ne a keke. Kwana goma sha ɗaya suka rage kafin farkon wata. Kowace safiya zan iya zuwa in same shi a gindin dabino mu biyu. Ban je ba. Ina da kekuna shida da zan haɗa wa uwayen da suka ga hoton Harisu.

Shekarar farko labari kawai muke ji. Harisu ya zo na ashirin da wani abu. Harisu bai ƙarasa ba. Aka ce zafin Jidda ne, aka ce abincin ne, aka ce sammu. A ta biyu aka kawo tseren manya Madina, daga bakin gari har Badr, hanyar duka. Ita ce mummunar shekarar. Tsinke ma ya shiga manya a lokacin, yana hawa wa nadinmu. Ya ƙara tsawo, ya yi kafaɗu, jikinsa ya iso inda na Harisu ya daɗe da isowa.

Na ga Harisu a wurin tashi. Ya rame. Ya kawo mini keken in duba masa. Sarƙa ta miƙe, faifan nan dai shi ne ya cinye.

Na ce, "Yau ka zauna a ciki."

Ya ce, "A garinmu? A gaban babana?"

Ana busa usur ya tafi. Mutanen unguwa suka yi ihu. Manyan ko kallonsa ba su yi ba. Suka bar shi can gaba, suna hangensa, ba su bari ya ɓace ba, ba su kuma kamo shi ba. Sa'a guda da wani abu yana sarar iska shi kaɗai, su suna karɓa-karɓa suna cin ayaba. Ina bayan a-kori-kura ina ganin yadda kafaɗunsa suka fara rawa. Da hanya ta shiga tsakanin duwatsu, iska ta juyo ta gefe, sai suka ɗan taka. Suka haɗiye shi kamar ba a yi ba.

A nan ne ya kamata ya laɓe ya huta. Bai iya ba. Yana barin tazarar gaba biyu tsakaninsa da na gabansa saboda tsoron taya, iska tana shiga tana dukansa. Ya zame zuwa baya. Tsinke ya sassauto ya zo gabansa, na ji muryarsa har cikin mota, da Hausa, don kada sauran su ji.

"Kama bayana! Matso! Matso, don ubanka, ba zan cije ka ba!"

Ya matso. Karo na farko a rayuwarsa ya sa tayarsa tafin hannu ɗaya daga ta wani, a kan gangara, da gudun da mota ke yi. Na gaba suka ɗan rage saboda kwana. Tsinke ya shafi birki. Harisu ya damƙe nasa. Ƙafar baya ta ja, ta gaba ta goga ta Tsinke, ya tashi sama. Gwiwarsa ta hagu ce ta fara sauka, a kan dutsen bakin hanya.

Ni na fara isa. Ƙoƙon gwiwar ba ya inda yake. Na yanke tif na ɗaure cinyar, na cire rawanina na naɗe wurin. Bai yi kuka ba. Yana ta cewa in duba keken. Na duba. Hannun ne kawai ya karkace. Ƙafafun da na saƙa ko motsi ba su yi ba.

Wata huɗu ya yi a kwance. An haɗa ƙashin da ƙarfe, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa yadda take ba. Nadin Jidda suka aiko da kayansa a jaka. Malam Tanimu ya sa farar riga, ya ɗauki tsohuwar takardar ma'ahad ya kai musu. Suka duba takardar haihuwar suka ce shekarunsa sun wuce na ɗauka. Shekara ukun da uban ya samo masa a wurin likita don karatu, keke ya cinye su. Uwaye suka janye 'ya'yansu daga nadi. Kekuna biyu da na haɗa aka dawo mini da su. Kaftin ya koma ƙasarsu kafin azumi. Na koma faci da famfo. Malam Tanimu bai daina gaishe ni a masallaci ba, kullum sai ya miƙo hannu ya tambayi iyali. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Tsinke ya yi shekara goma da wani abu yana hawa. Bai taɓa zama gwarzo ba, hotonsa bai shiga jarida ba. Amma duk nadin da ke da gwarzo yana son mai sara masa iska, mai kawo masa ruwa, mai mayar da shi cikin mutane idan ya yi faci. Da wannan ya sami alawus, da wannan aka ba shi aikin sito da ya yi ritaya a kai. Kada ku ɗauka ina cewa na baya shi ke yin gaba. Na ga yara da yawa da suka zo na goma suna yara, suka zo na goma suna manya, suka gaji suka sayar da keken. Na kuma ga wani Nasiru da ya ci kofi yana yaro ya ci yana babba. Amma shi da tazarar faɗin taya yake ci, daga tsakiyar mutane, gwiwar hannunsa duk tabo. Kofin yara yana gaya maka wa ya riga girma. Ba ya gaya maka wa zai rage idan kowa ya girma.

Aikin ƙarshe da na yi wa keken nan, bayan shekara guda ne. Harisu ya turo shi da hannu, yana ɗingishi. Mai lambun ya yarda ya koma kai barsim. Na cire lanƙwasasshen hannun na sa miƙaƙƙe. Na cire siraran ƙafafun na sa masu kauri da taya ta kowa da kowa. Na ƙera kariya ta ɗaukar kaya da ƙarfen gini na ɗaura a baya. Sai matsalar gwiwa: idan fedar hagu ta hau sama, ƙafar ba ta iya biyo ta. Na cire ƙarfen fedar, na auna yatsa biyu daga ramin asali, na huda sabo, na yanka masa zaren da feda za ta murɗu a ciki, na mayar da fedar a nan. Da'irar ta ragu, gwiwar ta iya zagayawa. Ba wanda ya koya mini wannan. Yini guda na yi a kai. Yana zaune a kan benci, ƙafar a miƙe.

Da na gama ya hau ya je ƙarshen layi ya dawo. Ya sauka, ya riƙe keken. Ba kowa a shagon.

"Ya ammi, a asibiti wata tsohuwar unguwarmu ta zo dubiya. Ta ce ni da ɗanta sati ɗaya aka haife mu. Ɗanta yana da 'ya'ya biyu."

Na goge hannuna da tsumma.

"Shekarata nawa?"

"Ashirin da huɗu."

"Takarda ta ce ashirin da ɗaya."

"Na ci naman sunanka."

Ya tsaya yana motsa leɓe, yana komawa baya shekara ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da na karya feda?"

"Sha takwas."

"Tsinke fa?"

"Sha biyar."

"Ka sani ranar da babana ya zo da takardu."

"Na sani."

Na ajiye sifanar da ke hannuna a kan tebur, kusa da shi. Bai dube ta ba. Ya daɗe yana kallon titi.

"Ashe da yara na yi ta tsere."

"Da yara."

Ya kama kariyar ya girgiza ta, ta ɗan yi ƙara.

Ya ce, "Ƙara ɗaure wannan. Barsim yana da nauyi idan ya jiƙe."

Na ɗauki sifanar na ɗaure.